Daga Kano zuwa Jidda: Kilomita Nawa Ne, Kuma Me Ya Sa Awannin Tafiyar Suke Canzawa?

Idan ka shiga ɗaya daga cikin shafukan intanet masu lissafa nisan tafiyar jirgin sama, ka rubuta KAN a akwatin farko, ka rubuta JED a na biyu, kafin ka ɗaga yatsa amsa ta fito: kimanin kilomita 3,420, tafiyar awa 4 da rabi ko kusa da haka. Sai ka duba tikitin da ejan ya turo maka ta WhatsApp, ka ga wani lokacin daban. Ka tambayi alhajin da ya sauke farali a 2023, ya ce maka su kam sun daɗe a sama fiye da haka nesa ba kusa ba. Duk cikinsu babu wanda ya yi maka ƙarya. Kowannensu abin da ya auna daban ne.

Sanin bambancin yana da amfani, domin a kan waɗannan alƙaluma mutum yake yanke shawarar ko awa ɗaya za ta ishe shi canjin jirgi a Alƙahira, da lokacin da za a je tarbarsa, da lokacin da mai ciwon suga zai sha magani. Su ne kuma suke bayyana dalilin da ya sa kuɗin kujera yake tashi idan rikici ya ɓarke a ƙasar da ba ma can za ka ba. A wannan maƙala za mu bi hanyar Kano zuwa Jidda, mu ga inda kowane alƙalami yake fitowa, da manhajojin da za su nuna maka gaskiyar lamarin a wayarka.

Daga ina kilomita 3,420 ta fito?

Shafin da ya ba ka wannan amsa bai san komai game da jirgin da za ka hau ba. Abin da yake da shi kawai rumbun bayanai ne na matsayin filayen jirage a doron ƙasa. KAN da JED lambobin haruffa uku ne da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, take ba kowane fili, su ne kake gani a jikin takardar da ake liƙa wa jakarka. Matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage kuwa da na haruffa huɗu suke aiki: DNKN na Kano, OEJN na Jidda.

Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan digiri 12 arewa da layin ikwaita, digiri 8.5 gabas da layin Greenwich. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda yana kan digiri 21.7 arewa, digiri 39.2 gabas. Waɗannan lambobi huɗu kaɗai kwamfuta take buƙata. Za ta zuba su cikin wata dabarar lissafi, galibi wadda ake kira Haversine, ta fitar da kusurwar da ke tsakanin wuraren biyu idan aka auna daga tsakiyar duniya. Tsakanin Kano da Jidda kusurwar ta kai kusan digiri 30.8. Kowane digiri ɗaya a bayan ƙasa kusan kilomita 111 ne. Ninka su, sai ka samu kusan 3,420. Idan Madina za a sauka, wato filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, nisan zai koma kimanin kilomita 3,560.

Sunan wannan layi babbar da'ira. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce ka kife ƙwarya, ka ɗiga alama biyu a bayanta, ka ja zare tsakaninsu ka ɗame shi. Inda zaren ya kwanta nan ne hanya mafi kusa. Babu jirgin da zai iya bin hanyar da ta fi wannan gajarta, sai dai wadda ta fi ta tsawo.

Zaren Kano zuwa Jidda yana barin Kano ne ta gabas maso arewa, a kan kusan digiri 68 daga arewa. Yana ratsa kudu maso gabashin Nijar ta yankin Diffa, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi, ya shiga hamadar arewacin Sudan, ya tsallake Kogin Nilu a kusa da Dongola, sannan ya haye Bahar Maliya ya faɗa Jidda. A lokacin da zai isa, fuskar ta karkata ta koma kusan digiri 77, ko da yake zaren bai lanƙwashe ko sau ɗaya ba. Haka babbar da'ira take: kana tafiya miƙe, amma allurar kamfas tana ta sauyawa a hankali. Idan digiri 68 ya yi maka kama da wani abu da ka sani, to ba ka yi kuskure ba. Manhajar alƙibla da ke wayarka da irin wannan lissafi take aiki, kuma daga Kano kusan digiri 68 take nunawa, tun da Makka ba ta da nisa da Jidda.

A taswirar da muka saba gani a aji ko a waya, irin wadda Gerardus Mercator ya tsara a 1569, babbar da'ira takan fito a lanƙwashe, saboda an baje abu mai siffar ƙwallo a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda. A hanyarmu lanƙwasar kaɗan ce domin muna kusa da ikwaita. A dogayen hanyoyi na arewa ne abin yake ba da mamaki: jirgin Dubai zuwa Los Angeles yakan bi ta kusa da ƙuryar arewacin duniya, wanda a taswira sai ka ɗauka zagaye ya yi, alhali yanke ya yi.

Wani abin lura shi ne ma'auni. Wasu shafukan da mil suke ba da amsa, kuma mil iri biyu ne. Mil na tudu mita 1,609 ne, da shi nisan Kano zuwa Jidda ya kama kusan 2,130. Mil na teku, wanda jiragen sama da na ruwa suke amfani da shi, mita 1,852 ne, da shi kuma nisan kusan 1,850 ne. Idan ka ga shafuka biyu sun saɓa da ɗaruruwa, fara duba ma'aunin kafin ka zargi ɗayansu.

Raba nisa da gudu

Manyan jiragen da suke jigilar alhazai da masu umara, irin su Airbus A330, sukan yi gudun kusan kilomita 870 a awa ɗaya idan sun daidaita a sama. Boeing 747 ya ɗan fi haka, yakan haura 900. Ƙananan irin su Boeing 737 da Airbus A320 sukan tsaya wajen 830 zuwa 840. Raba 3,420 da 870, za ka samu awa 4 saura 'yan mintuna.

Sai dai jirgi ba ya fara wannan gudu daga kan titin tashi. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya kai tsayin da zai daidaita, wato mita 10,000 zuwa 12,000, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 akwai ƙa'idar taƙaita gudu a yawancin ƙasashe. Saukowa ma takan ci kusan rabin awa, ana rage gudu mataki-mataki. Saboda haka ne yawancin shafukan lissafi suke ƙara kusan minti 30 a kan sakamakon rabawar, su ce maka awa 4 da rabi. Ka lura, ƙiyasi ne na ranar da babu iska, babu cunkoso, kuma kowace ƙasa ta buɗe samaniyarta. Irin wannan rana ba kullum ake samunta ba.

Sama ma tana da tituna da shingaye

Mai kallo daga ƙasa zai ɗauka sarari fili ne fetal, kowa ya bi inda ya ga dama. Ba haka abin yake ba. An yanka sararin samaniya gunduma-gunduma, kowace da hukumar da take kula da ita. Na Najeriya baki ɗaya sunan Kano yake ɗauke da shi a taswirar matuƙa, kuma hukumar NAMA ce take tafiyar da shi. Na Nijar da Chadi yana hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa da ke da hedikwata a Dakar. Daga nan sai yankin Khartoum, sai na Jidda. A cikin kowace gunduma akwai titunan sama da aka shata, masu haɗa wasu tashoshi waɗanda ba gini ba ne, matsayi ne kawai a taswira, kowanne da suna mai haruffa biyar. Kafin jirgi ya tashi, sashen tsara tafiya na kamfanin yakan miƙa wa hukumomi jerin tashoshin da zai bi, matuƙa kuma su loda shi cikin kwamfutar jirgin. Tun da titunan ba su kwanta daidai kan zaren ƙwaryarmu ba, hanyar gaske takan ɗara babbar da'ira da wani abu ko da lafiya lau ake. Ga kuma hadari: a damina matuƙi yakan ga tarin gajimare mai tsawa a na'urar radar da ke hancin jirgi, ya nemi izini ya kewaye shi.

Babban shinge shi ne rufe sararin samaniya. A ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka rufe samaniyar ƙasar ga jiragen farar hula. Koma ka dubi zaren da muka ja: kaso mai tsoka na hanyar a kan Sudan yake. Lamarin ya zo ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan wannan shekarar. Dole jirage suka nemi wata hanya, kuma zaɓin ba shi da yawa. Ta arewa akwai Libiya, wadda kamfanoni da dama suka daɗe suna kauce wa samaniyarta. Ta kudu kuwa sai an gangara sosai, a zagayo ta gabashin Afirka, a hauro ta Habasha.

Don ka ga girman zagayen, ɗauki Addis Ababa a matsayin kusurwa. Daga Kano zuwa can kusan kilomita 3,330 ne, daga can zuwa Jidda kuma kusan 1,410. Jimilla 4,740, wato ƙarin kilomita 1,320 a kan hanyar asali, kimanin awa ɗaya da rabi a sama. Kuma ko wannan layin na Kano zuwa Addis Ababa sai da ya taɓa Sudan, don haka wanda zai kauce mata gaba ɗaya sai ya ƙara a kan haka.

Kowace awa a sama kuɗi ce. Jirgi irin A330 yana ƙona man da ya kusa tan 6 a awa ɗaya, 747 kuwa wajen tan 10. Ga kuɗin ratsa samaniya da ake biyan kowace ƙasa, ga awannin aikin ma'aikata da doka ta ƙayyade. Wannan ne ya sa a 2023 kamfanonin jigilar alhazan Najeriya suka nemi ƙari, har aka daidaita da hukumar NAHCON a kan ƙarin dala 250 a kowace kujera. Nisan Kano da Jidda bai ƙaru da taku ɗaya ba, shafin lissafi ma bai sauya amsarsa ba, amma aljihu ya ji a jikinsa. Daga baya Sudan ta buɗe wani ɓangare na gabashinta, wajen Port Sudan, sai dai kamfanoni da yawa sun ci gaba da kauce wa sauran ƙasar.

A shekarar dai, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ma ta rufe samaniyarta daga 6 ga Agusta zuwa farkon Satumba. Da aka haɗa da Sudan da Libiya, sai ya zama kamar an gitta katanga a tsakiyar nahiyar, jiragen da suke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka suka riƙa yin dogon zagaye, wasu har da tsayawa shan mai.

Iska: mai tura ka ko mai tare ka

Gudun kilomita 870 da muka ambata gudu ne a cikin iska. Ita kuma iskar ba a tsaye take ba. Kamar mai tuƙa kwalekwale ne a kogi: idan yana bin ruwa, gudun ruwan yana ƙaruwa a kan nasa, idan yana haurawa kuma ana cire masa. Shi ya sa allon da ke bayan kujera yake nuna maka gudu a kan ƙasa, wanda shi ne yake yanke lokacin isa.

Ga misali na lissafi. A ce iska mai gudun kilomita 80 a awa tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas a duk tsawon hanyar. Mai zuwa Jidda zai riƙa cin kilomita 950 a awa, ya cinye 3,420 cikin awa 3 da minti 36. Mai dawowa Kano zai koma 790, ya ɗauki awa 4 da minti 20. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, amma tazarar minti 44.

A tsayin da jirage suke tafiya akwai wasu kogunan iska masu ƙarfin gaske. Wanda ya fi shafar yankinmu a lokacin hunturu yana kwarara ne daga yamma zuwa gabas a saman arewacin Afirka da yankin Larabawa, kuma gefensa yakan taɓo hanyarmu, musamman ɓangarenta na arewa. A irin wannan lokaci zuwa Jidda yakan fi dawowa sauri. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, wancan kogin yakan ja arewa, wata iskar ta gabas da take tasowa daga kudancin Asiya ta mamaye saman yankin Sahel. Sai lamarin ya juya, mai dawowa gida ya samu turi. Tun da watan aikin Hajji yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, alhajin da ya je da sanyi da wanda ya je da damina ba iska ɗaya suka tarar ba.

Don ka ga iyakar abin da iska za ta iya, a watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Tazarar ta haura kilomita 5,500, wato ta fi ta Kano zuwa Jidda da sama da kilomita 2,000, amma lokacin kusan ɗaya. Gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, alhali a cikin iskar da take ɗauke da shi gudun da ya saba yake yi.

Akwai masu cewa juyawar duniya ce take sa zuwa da dawowa su bambanta, wai ƙasa tana gudu a ƙarƙashin jirgi. Duniya tana juyawa ne tare da iskar da ta lulluɓe ta, jirgin ma kafin ya tashi yana juyawa tare da ita. Rawar da juyawar take takawa ita ce ta taimaka wajen tsara inda manyan iskokin suke fuskanta. Su iskokin ne suke taɓa agogonka.

Lokacin tikiti: daga cire waigi zuwa sa waigi

Lokacin da aka rubuta a tikiti ba daga tashi sama yake farawa ba. Yana farawa ne daga sa'ar da aka cire waigin tayoyi jirgi ya motsa daga inda yake fake, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cik aka mayar da waigi a ɗaya filin. Duk tafiyar da zai yi a ƙasa zuwa titin tashi, da jiran layi, da jiran izinin hasumiya, suna ciki. A Kano wannan ba ya ɗaukar lokaci sosai. A Jidda kuwa, filin da aka buɗe a 1981 wanda yake da tasha ta musamman ta alhazai mai rufi kamar tantuna, zirga-zirga takan yi yawa a lokacin Hajji da azumin Ramadan, har a sa jirgi ya yi ta shawagi yana jiran layin sauka.

Kamfanoni sun san da haka, don haka sukan saka rarar mintuna a jadawalinsu. A ƙa'idar da masana'antar take bi, jirgin da ya isa cikin minti 15 na lokacin da aka rubuta ana lissafa shi a wanda ya zo a kan kari. Rarar ce take sa ka ga an tashi a makare da minti 20 amma an sauka daidai lokaci. Ba lallai matuƙi ya taka wuta ba.

Sai batun agogo, inda mutane suka fi ruɗewa. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, kuma kowane lokaci a tikiti agogon garin da abin zai faru ne. A ce tafiyar awa 4 da minti 45 ce. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10:00 na safe zai isa Jidda ƙarfe 4:45 na yamma agogon can, sai ka ga kamar awa 6 da minti 45. Wanda ya bar Jidda ƙarfe 10:00 na safe zai iso Kano 12:45 na rana, kamar awa 2 da minti 45. Duka biyun tsawonsu ɗaya. Su matuƙa sun huta da wannan ruɗani, domin agogo ɗaya suke bi a duk duniya, wato UTC, wanda Najeriya take gabansa da awa 1, Saudiyya da awa 3.

Idan kuma tikitinka mai tsayawa ne a hanya, lissafin babbar da'ira ya tashi daga aiki. Ta Alƙahira, Kano zuwa can kusan kilomita 3,100 ne, sannan 1,220 zuwa Jidda, jimilla wajen 4,320. Ta Addis Ababa mun riga mun ga 4,740. Amma abin da ya fi cin lokaci shi ne zaman jira tsakanin jirage biyu, wanda zai iya mayar da tafiyar awa 5 ta zama ta yini guda.

Manhajojin da suke nuna abin da ya faru da gaske

Shafin lissafi yana faɗa maka abin da ya kamata ne a ƙa'ida. Idan kana son ganin abin da yake faruwa, sai ka koma ga manhajojin bibiyar jirage, waɗanda suka fi shahara su ne Flightradar24 na ƙasar Sweden da FlightAware na Amurka. Duka suna nan a Android da iPhone, kuma ana buɗe su a burauza.

Ƙashin bayansu wata fasaha ce mai suna ADS-B. Jirgi yana gano matsayinsa ta GPS, sai ya riƙa shelanta shi ta rediyo a kan mita 1090 megahaz, kusan sau biyu a kowace daƙiƙa, tare da lambarsa da tsayinsa da gudunsa. Saƙon a buɗe yake, duk mai na'urar karɓa zai iya kama shi. Dubban masu sa kai a faɗin duniya sun kafa 'yar eriya a rufin gida, sun haɗa ta da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da wata 'yar na'urar rediyo mai shiga ramin USB, suna tura abin da suka kama zuwa ga waɗannan kamfanoni ta intanet. Eriya ɗaya takan jiyo jirgin da yake can sama daga nisan kilomita 300 zuwa 400, matuƙar babu abin da ya tare ta.

A nan ne hanyarmu take da rauni. Tsakanin Tafkin Chadi da Kogin Nilu hamada ce mai faɗi, babu rufin gida balle eriya mai intanet. Shi ya sa wani lokaci za ka ga layin jirgin ya koma ɗigo-ɗigo ko launinsa ya sauya, ko ma jirgin ya ɓace daga taswira na ɗan lokaci. Wanda yake bibiyar mahaifiyarsa daga gida kada hankalinsa ya tashi. Manhajar ce ta daina jin jirgin, sai ta koma ƙiyasta inda yake daga gudunsa da fuskarsa na ƙarshe. Matuƙa suna nan suna magana da masu kula da samaniya ta wasu hanyoyin. Giɓin ma yana raguwa, domin yanzu akwai masu karɓar saƙon daga sama: tun 2019 kamfanin Aireon yake amfani da na'urorin da aka ɗora a kan taurarin ɗan'adam 66 na Iridium, waɗanda suke jin jirage a kan teku da hamada. Duk mai sha'awar haɗa na'urori a Maiduguri ko Diffa ko Agadez, eriyar da zai kafa za ta fi ta mutumin Landan amfani, kuma kamfanonin sukan ba masu tura musu bayanai rajistar manhajar mai tsada kyauta.

Ga mai son ganin zaren ƙwarya da idonsa, akwai shafin Great Circle Mapper. Rubuta KAN-JED, zai zana maka layin ya ba ka nisan. Rubuta KAN-ADD-JED, ka ga yadda zagaye yake ƙara tsawo.

Yadda za ka haɗa su kafin tafiya

Da farko nemi lambar jirginka a tikiti, haruffa biyu da lambobi. Saka ta a Flightradar24 ko FlightAware, ka buɗe tarihin 'yan kwanakin da suka wuce, wanda ake gani kyauta. Nan za ka ga ainihin lokacin da ya tashi da wanda ya sauka a kowace rana, da hanyar da ya bi a taswira. Idan layin ya kauce wa Sudan, ka san tafiyarka ta fi abin da shafin lissafi ya faɗa. Matsakaicin kwana biyar ko bakwai na baya ya fi kowane ƙiyasi kusa da abin da za ka tarar.

Na biyu, idan za ka canza jirgi, kada ka dogara da lokacin da aka rubuta kawai. Duba sau nawa jirgin farko ya makara a makon, ka gwada da tazarar da aka ba ka. Idan tikiti biyu ne daban-daban ka saya, kamfani na biyu ba shi da alhakin jiranka, don haka ka bar tazara mai yawa.

Na uku, a ranar tafiya bibiyi jirgin da zai zo ya ɗauke ku. Manhajojin suna nuna inda ya kwana da inda yake yanzu. Idan ƙarfe 10:00 aka ce za ku tashi, ga shi ƙarfe 8:00 bai baro Jidda ba, ka riga allon filin jirgi sanin labari.

Na huɗu, ƙara agogon Makka a manhajar agogon wayarka tun kana gida, ka kuma rubuta lokutan shan magani da agogon gida har sai ka isa. Wanda zai je tarba ya tuna cewa bayan saukar akwai layin jami'an shige da fice da jiran kaya.

Na ƙarshe, GPS na waya karɓa kawai yake yi, ba ya aika komai, don haka yana aiki ko wayar tana yanayin jirgi. Idan ka sauke taswira tun a gida kuma ka samu kujerar taga, sau da yawa za ka ga ɗigon nan mai launin shuɗi yana tafiya a kan hamada. Mai umara da yake son ya kimtsa kafin a sanar da isowa miƙati zai ji daɗin wannan, ko da yake sanarwar ma'aikatan jirgi ita ce abin bi.

Kilomita 3,420 ita ce ƙasan lissafi, ba ta sauyawa. Duk abin da ya hau kanta, hanya ce da iska da jira, kuma waɗannan kullum cikin sauyawa suke. Shafin lissafi zai ba ka na farkon, tarihin jirgin a manhajar bibiya zai ba ka sauran.